Kada Wuƙa Ta Bi Gefen Shafi

Da sunan Allah nake farawa, mai rahama, mai jinƙai. Amincinsa ya tabbata a gare ku, na zaune da na tsaye.

Ranka ya daɗe shugaban taro, kuma shugaban kwamitin amintattu na wannan gida. Shugabar wannan ma'adanar littattafai da mataimakanta. Shehunan malamai da suka cika layin gaba, waɗanda da yawansu na san su tun ina kai musu ruwa a ɗakin karatun mahaifina. Ma'aikatan wannan gida, tun daga masu rajistar littattafai har masu kaɗe ƙurar kantoci. Ɗalibai da kujeru suka ƙare kafin su iso. Mahaifiyata, Inna, wadda ta gargaɗe ni tun a mota cewa kada in cika mutane da surutu. Sai kuma mai gayya mai aiki, Baffa, aminin mahaifina, wanda yau yake miƙa wa wannan ma'adana littattafan da ya tara tsawon rayuwarsa. Ina gaishe ku duka, ina yi muku barka da wannan rana.

Ina godiya da aka sa ni cikin masu magana. Ni ba malama ba ce, ban taɓa rubuta littafi ba, aikina jinya ne a asibiti. An kira ni ne domin ni ce autar marigayi malamin tarihin nan da ɗalibansa suka laƙaba wa Mai Fensir, wanda littattafansa suke a ɗakin da ke saman kanmu, aka ga ya dace 'yar wanda aka fara kawo nasa ta rako mai bayarwa na yau. A tsarin taro an rubuta cewa jawabin godiya zan yi. Godiyar na yi ta, kuma da zuciya ɗaya na yi. Amma ina neman afuwarku tun yanzu, domin bayan godiyar akwai baƙin ciki, bayan baƙin cikin kuma akwai roƙo, kuma roƙon ne ya fito da ni daga gida.

Kun ga kwalayen nan da aka jera a gefen dandamali. Littattafan Baffa ne. An shirya cewa da an tashi taro za a loda su a mota, a kai su wurin mai ɗaurin littattafai, a yi musu sabon bango irin wanda aka yi wa na mahaifina. Roƙona shi ne kada motar ta tashi. Zan faɗi dalili daki-daki.

Abu na farko, ina so ku san irin mutanen da muke magana a kansu. Mahaifina bai iya karatu hannu rabbana ba, sai da fensir. Kowane aljihu nasa da guntun fensir a ciki, har Inna ta gaji da tsinto su a ruwan wanki. Idan ya buɗe littafi, komai girman sunan wanda ya wallafa shi, ɗaukarsa yake kamar baƙon da ya shigo ɗakinsa yana yi masa bayani, shi kuwa ba ya barin mutum ya yi ta magana shi kaɗai. Inda ya yarda, sai ya ja ɗan siririn layi. Inda bai yarda ba, sai ya kama daga inda bugu ya ƙare, ya bi farin gefen shafin da ƙananan haruffa har ya kai bakin takarda, in wuri ya ƙare ya karkata littafin ya gangara ƙasa. Malamai suna kiran wannan hashiya. Mu a gida ɓata littafi muke kiransa, domin in muka kwatanta irinsa a namu na makaranta, kunnenmu ne yake shan ja.

Baffa kuma malamin harshe ne, mai fassara, shi da tawada yake nasa, koriya shar. Baba, wato mahaifina, yana cewa tawada ta waɗanda ba su taɓa kuskure ba ce, shi ya sa ta dace da Baffa. Baffa yana cewa fensir na masu shirin janye magana ne. Baba bai taɓa kiransa da sunansa ba a gabanmu, Sarkin Musu yake ce masa, kuma ina ganin duk wanda ya taɓa zama a ajin Baffa ba zai ce an yi masa ƙazafi ba.

To, ga yadda suke yi. Ɗaya ya sayi littafi, ya karanta, ya rubuta abin da zai rubuta a gefe, ya aika wa ɗayan. Wancan ya karanta, ya ba shi amsa a ƙarƙashin rubutunsa, ya mayar. Haka littafi zai yi ta kai da komo tsakanin gidajen biyu har gefen ya cika maƙil, sannan ya huta a hannun wanda ya saya. Abin mamaki, gidajen ba su da nisa, kuma kusan kullum suna haɗuwa, amma in sun zauna hirar ciwon gwiwa da ta 'ya'ya suke yi. Musu sai a littafi. Inna tana cewa da a ce da baki suke yi, da tuni zumuncin ya watse.

Bari in ba ku misali ɗaya da na haddace. Wani mawallafi ya rubuta cewa wani kogi bai taɓa sauya hanyarsa ba. Fensir ya ce: "Wannan bai taɓa zuwa wurin ba." Koriyar tawada ta ce: "Kai ka je?" Fensir ya ce: "Na je, har ƙugu ruwan ya kai ni." Koriyar tawada ta ce: "Jiƙewa ba hujja ba ce." Daga nan sai Baba ya zage ya cika gefen shafuka da abin da masunta da tsofaffin masu kwalekwale suka faɗa masa da bakinsu, wane ya faɗa, a ina, kakan wane ya ga tsohuwar gaɓa da idonsa. Mutanen nan duk sun riga mu gidan gaskiya, kuma babu wani wuri a duniya da aka rubuta maganarsu sai nan. Littattafan da mahaifina ya buga ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Babban littafinsa, wanda bai samu ya buga ba, a warwatse yake a gefen littattafan wasu, rabi a gidanmu, rabi a gidan Baffa.

Abu na biyu shi ne abin da ya sami rabin da ke gidanmu, kuma a nan nake roƙon ku saurare ni da haƙuri, domin ba don in tozarta kowa na tsaya a nan ba. Bayan rasuwar Baba muka kawo littattafansa wannan gida. Sun zo a galabaice: bango ya yage, ɗinki ya saki, wasu da tsumma aka ɗaure su don kada shafuka su zube. Shugabannin gidan na wancan lokaci suka dube su suka ce, a'a, babban malami kamar wannan ba a ajiye littattafansa cikin tsumma. Suka yanke shawarar a sake ɗaure su, a yi musu bango mai kauri, ja, da rubutun ruwan zinariya. Don ƙauna suka yi, don girmamawa suka yi, kuma ranar da aka buɗe ɗakin muna nan mu duka, mun tafa, Inna har da hawayen farin ciki.

Baffa ma yana nan. A lokacin idanunsa sun riga sun tafi, sai aka riƙe hannunsa aka kai shi gaban kanta. Ya zaro littafi ɗaya, ya shafa bangon, ya bi bakin shafukan da babban yatsansa, ya yi murmushi ya ce: "Sumul. Sun karrama abokina." Kowa ya ji daɗin maganar, har wani ya sa ta a jarida.

Bayan wasu makonni kewar Baba ta dame ni, na taso daga aiki na zo ni kaɗai, na nemi littafin kogin nan don in ga hannunsa. Na buɗe, na tarar an datse rubutunsa. Ga waɗanda ba su san sana'ar ba, kamar yadda ni ma ban sani ba a lokacin: idan mai ɗauri ya gama ɗinke littafi, kafin ya sa masa bango, yakan sa shi a ƙarƙashin wuƙar inji ya datse bakinsa ta sama da ta ƙasa da ta gefe, don shafuka su daidaita. Haka ake yi wa kowane littafi, haka sana'ar ta gada. Mahaifina kuwa har bakin takarda yake rubutu. A shafin dama layi zai ɗauko magana, ya yi nisa, sai ya yanke. A shafin hagu farkon ne babu, sai wutsiyar. Barkwancinsu ya tsira, domin gajere ne, kuma kusa da bugu yake. Ilimin ne ya tafi: sunayen mutane, sunayen wurare, ƙarshen hujja, duk abin da sai an yi doguwar jimla ake kaiwa gare shi. Na zaro na biyu, na zaro na uku, na bi kantar nan har ma'aikaci ya zo ya ce mini lokacin rufewa ya yi. Duk haka suke.

Washegari na tafi shagon mai ɗaurin, kuma ba zan ɓoye muku ba, da faɗa na tafi. Na tarar da dattijo cikin warin gam, da allura a hannu, yana ɗinki a tsanake. Na buɗe masa abin da na kwafo, na ce ya san abin da ya yi kuwa? Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: "'Yata, cewa aka yi littattafan babban mutum ne, in fito da su tsaf. Da na ga zane-zanen nan na ɗauka yara ne suka ɓata masa. Inda ya yi yawa ma nakan ƙara shigar da wuƙar kaɗan, don in rage masa abin kunya." Na tambaye shi ina abin da aka datse. Ya ce masu sayar da ƙwai ne suke zuwa su kwashe, su shimfiɗa a kwandunansu. Sai ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Faɗan da na zo da shi na koma da shi gida, domin mutumin ya yi aikin da aka sa shi, kuma ya yi shi da kyakkyawar niyya.

Jama'a, wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Da mugu ne ya yi, da na san inda zan ajiye fushina. Da wuta ce ta ci, da ruwa ne ya ci, da gara ce ta ci, da mun ce ƙaddara mun yi haƙuri. Amma masoyansa ne suka yi, suna tsaka da girmama shi. Wanda ya ba da umarni yana kallon bango, wanda ya yi rajista yana kallon sunan mawallafi da shekarar bugu da yawan shafi, wanda ya riƙe wuƙa yana kallon tsafta. Babu wanda aikinsa ya ce masa ya kalli gefe. A katin rajistar kowane littafin mahaifina, har yau ɗin nan, babu layi ɗaya da ya ce wani ya yi rubutu a ciki.

Na gaya wa shugaban gidan na lokacin. Ya ba da haƙuri, kuma na ga abin ya taɓa shi, amma bai jima ba ya yi ritaya, maganar ta tafi tare da shi. Inna kuma ta tara mu, ni da yayyena, ta ce kada wanda ya kuskura ya kai wa Baffa wannan labari. Ta ce mutum ya rasa idanunsa, ya rasa amininsa, a bar masa ɗan abin da yake jin daɗinsa. Muka bi umarninta.

Abu na uku, shi ne na yau. Da Baffa ya yi niyyar bayar da nasa littattafan, sharaɗi ɗaya tak ya kafa, kuma a rubuce: a ɗaure su daidai yadda aka ɗaure na abokinsa, a jera su kusa da juna. Da labarin ya iso mana, na garzayo wurin shugabar wannan gida ta yanzu, wadda ba ta san komai a kan abin da ya faru ba. Na kai ta sama na buɗe mata, ta dafe kai. Amma ta gaya mini gaskiya, cewa sharaɗin mai kyauta ba ta da ikon taɓa shi, sai in shi ya janye, kwamiti kuma ya amince. Na koma na faɗa wa Inna. Ta ce ta hana ni ne don kada ransa ya ɓaci, amma yanzu shirun zai cinye sauran, in tashi in je.

Ku tuna, a cikin kwalayen nan ba koriyar tawada kaɗai ke akwai ba. Duk inda Baffa ya yi rubutu, Baba ya ba shi amsa. Hannun mahaifina cikakke, layi daga farkonsa har ƙarshensa, babu inda ya saura a duniya sai cikin kwalayen nan.

Jiya da la'asar na same shi zaune a tsakiyar kwalayen, ana ta ɗaure su da igiya. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa komai, ban rage ba. Na saba sanar da mutane labari mai nauyi, aikina ne, amma ban taɓa kai mai nauyi irin na jiya ba. Da na gama sai ya ce: "Auta, ni da bakina na ce sumul." Na ce ai bai sani ba. Ya ce ya sani ko bai sani ba, shi ne ya yaba musu a gaban jama'a.

Sai ya ce in kwance kwalin da ke kusa da ƙafarsa, in ɗauko littafin da ke sama, marar bango. Ya ce wannan shi ne na ƙarshe da Baba ya mayar masa, kuma ya ba ni izinin in faɗa muku labarinsa. A lokacin idanunsa sun fara dushewa, haruffa sun daina tsayawa wuri ɗaya, amma girman kai ya hana shi faɗa wa abokinsa. Ya karɓi littafin, ya kasa karantawa, ya kasa amsawa. Sai ya ɗauke ƙafa daga gidanmu, don kada Baba ya tambaye shi ina amsa. Baba kuwa ya ɗauka fushi ne a kan musun. Ana haka ciwo ya kwantar da Baba, bai kuma tashi ba. Tun daga ranar littafin yake ajiye, Baffa bai yarda kowa ya karanta masa ba, domin a cewarsa musunsu ba na kunnen wasu ba ne, kuma yana tsoron ya ji cewa abokinsa ya tafi yana jin haushinsa. Jiya ya ce mini: "Ke jininsa ce. Karanta."

Na karanta masa, shafi bayan shafi, fensir yana bin koriyar tawada yana warware ta, Baffa yana girgiza kai yana cewa ba haka ba ne, ba haka ba ne, kamar mutumin yana zaune a gabansa. Har muka kai shafin ƙarshe. A nan Baba ya rubuta: "Sarkin Musu, har yanzu ban yarda ba. Amma shirunka ya yi yawa. In fushi kake, na janye rabi. Sauran rabin mu yi shi da baki. Ka zo."

Baffa ya ce in sake karantawa, na sake. Ya ce: "Bai faɗi wane rabin ya janye ba?" Na ce bai faɗa ba. Ya ce: "Haka yake, Allah ya jiƙansa." Sai ya juya fuskarsa bango, ni kuma na fita na ba shi wuri.

Da na dawo ya ce muryarsa ba za ta kai bayan ɗaki ba, don haka in zama bakinsa yau. Ranka ya daɗe shugaban taro, ga saƙon Baffa: ya janye sharaɗinsa. Ya ce a bar littattafansa cikin tsummansu. Wanda ɗinkinsa ya saki a yi masa akwatin kwali a kwantar da shi a ciki, wanda bangonsa ya yage a lulluɓe shi, amma kada wuƙa ta kusance su. Ni kuma ina ƙarawa da roƙo nawa. Ina roƙon kafin a rufe wannan taro ka faɗa da bakinka, a gaban waɗannan shaidu, cewa kwamiti ya amince, domin na ga yadda magana take bin mutum in ya bar kujera. Ina roƙon a ƙara layi ɗaya a katin kowane littafi, wanda zai ce akwai rubutun hannu a ciki, kuma na wane ne. Littattafan Baba kuma a bar su yadda suke, da jan bangonsu da zinariyarsu, a riƙa buɗe wa duk sabon ma'aikaci su a ranar da ya kama aiki. Ku kuma da kuke da littattafan iyayenku a gida, kuna jin kunyar kawo su saboda sun yi rubutu a ciki, don Allah kada ku sa musu magogi, ku kawo su yadda suke.

Kafin in bar gidan Baffa jiya, na ɗora yatsana a bakin shafin nan na ƙarshe, na auna gwargwadon abin da wuƙa ta ɗauka a littattafan da ke sama. Wuri ya ƙare wa Baba a wannan layi, sai ya matse kalmomi biyun ƙarshe a can bakin takarda. Da motar ta riga ni, da musun ya tsira, da gayyatar ta tafi kwandon ƙwai, da kuma Baffa ya koma ga Ubangijinsa bai san an kira shi ba.

Allah ya jiƙan mahaifina da dukkan magabatanmu, ya haskaka kaburburansu. Allah ya ba Baffa lafiya da haƙuri, ya haɗa shi da amininsa a gidan da babu rabuwa, bayan tsawon rai mai albarka. Allah ya saka wa ma'aikatan wannan gida, na da da na yanzu, da dattijon nan mai ɗauri, gwargwadon niyyarsu. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya same shi lafiya.

Kun yi haƙuri da ni, kun saurare ni har ƙarshe. Na gode.